Faɗin Taga Ɗaya

Mutane suna ɗauka askin shingen itatuwa farashi ɗaya gare shi, kamar burodi. Mutum ya kira ka a waya ya ce, "Nawa kake yi?" alhali ko kalar shingen ba ka gani ba. Ni kuwa sai na je na taka shi da ƙafata daga wannan kai zuwa wancan, na ji tsawonsa. Sannan in tsaya a jikinsa in ga inda ya kawo mini. In a ƙugu ne ko ƙirji, da sauƙi. In ya wuce kafaɗa har sai an ɗaga hannu, kuɗi ya ƙaru. In kuwa sai da tsani, to magana ta canja, don gwiwoyin nan nawa ba na aro ba ne. Daga nan in cusa hannu cikin ganye in taɓa rassan, in ji ko almakashi zai ci ko sai zarto. Kwashe shara ma da nata kuɗin. Wallahi wannan bayani ya fi aikin kansa gajiyar da ni.

Shinge kuma fuska uku gare shi: gefen nan, gefen can, da kai. In na mutum ɗaya ne, babu damuwa. In kuwa gida biyu ya raba, kowa ya biya gefensa, kuɗin kai a raba biyu. Haka nake yi tun ina da baƙin gashi, kuma ban taɓa samun matsala ba sai a gidan wa da ƙane.

Mahaifinsu ne ya dasa shingen a tsakiyar filinsa, don ya raba lambu da tsakar gida. Da ya rasu, 'ya'yan suka raba filin a kan layin shingen, wan ya riƙe tsohon gida, ƙanen ya yi gini a lambun. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna, ta zauna a ɗakinta na dā a gidan wan, tagarta tana fuskantar shingen. Ƙafafunta sun riga sun ƙi, kullum tana kan kujera a bakin tagar. A lokacin shingen a ƙirjina yake, don haka daga inda take zaune tana hango tsakar gidan ƙanen, inda jikokinta ke birgima.

Abin da ya haɗa wa da ƙanen ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai je aiki wata rana, wan ya ce, "Ka yi mini gefena. Kan kuma je ka tambayi mutumin can."

Na zagaya ta titi na shiga gidan mutumin can, ya ce, "Ai shi ne babba, kai nasa ne. Yi mini gefena kawai."

Na ce to a raba biyu mana, kamar kullum. Kowa ya kawar da fuska. Ba kuɗin ba ne, don kowanensu abin da yake zuba wa motarsa na mai a mako ya fi shi. Raba biyu yana nufin sun yarda da juna a kan wani abu, shi ne ba za su iya ba.

Sau ɗaya na yi karambani na aske kan shingen kyauta. Wan ya ce ƙanensa ne ya biya ni a ɓoye don ya nuna masa iyakarsa. Ƙanen ya ce wansa ne ya turo ni in buɗe masa gida ana leƙensa. Duka biyun suka daina kirana har damina ta wuce, na rasa gida biyu saboda alherin da ba a roƙe ni ba. Da suka dawo da ni, na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara taɓa ganyen da ba a yi cinikinsa ba.

Shinge kuwa bai san ana gaba ba, girma yake abinsa. Ya wuce kafaɗata, na faɗa musu sabon kuɗin kai. Ya wuce kaina, na faɗa musu na tsani. Rassan suka yi kauri, na faɗa musu na zarto. Duk lokacin amsa ɗaya ce daga gida biyun: "Da yana da araha ma ban biya ba, sai yanzu?" Gefe da gefe sumul, sama kuwa buzu-buzu, kamar wanda ake yi wa aski wuta ta ɗauke ana tsakiya. Ni da kaina nakan ji kunyar a ce aikina ne.

Ba wai an raba Inna da jikokinta ba ne. Ƙanen yakan kawo su gaisuwa in ya tabbatar wansa ba ya nan, an yi musu wanka an shafa musu mai, su durƙusa su ce ina kwana, ya kaɗa su su tafi. Sauran kwanakin sai dai ta ji hayaniyarsu ta bayan ganye.

Rannan da hantsi ina gama gefen wan, shi ya tafi aiki, bayana yana ciwo kamar an ɗaura mini dutse, sai na ji ana buga ƙarfen taga da cokali.

"Wanzami," in ji Inna. Haka take kirana tun mijinta yana da rai. "Zo nan, ciniki za mu yi."

Na matsa na gaishe ta.

Ta ce, "Nawa za ka sauke mini kan nan?"

Na ce, "Inna, duka? Ai yanzu ya yi tsada, ga shi kin san halin 'ya'yanki."

"Wa ya ce maka duka? Faɗin tagar nan kawai. Ka mayar da shi inda babansu ya bar shi."

Tunda nake ban taɓa yanka wa shinge farashi da faɗin taga ba. Na buɗe hannuwana na gwada tagar, na je na gwada a jikin shingen, bai ma kai taki biyu ba. Na dawo na ce ta bar shi kawai, zan yi mata.

Ta ce, "A'a. Kyautar da ta kore ka daga gida biyu? Ba da ni ba. Biya zan yi, in sun tambaya ka ce uwarsu ce ta saya. In ga wanda zai buɗe baki."

Sai na faɗi wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba. Ta yi tsaki.

"Kai dai ba ka iya ƙarya ba. Shekara nawa ina jin ka ta tagar nan kana wa'azi? Ina kuɗin tsani? Ina na zarto?"

Na sa na tsani, na sa na zarto. Da ta ji jimillar sai ta dafe ƙirji ta ce ashe ni ɓarawo ne, ta taya rabi. Muka yi ta ja, ni ina rantsuwa da gwiwoyina, ita tana tuna mini ruwan sanyin da na sha a gidanta tun ina saurayi. Rabon da in ji daɗin ciniki haka har na manta. Da muka zo kan kwashe shara ta ce in cire shi.

"Ka zubar da rabi nan, rabi can. Su kwashe da hannunsu, ai ba kuturu na haifa ba."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini kuɗin ta tsakanin ƙarafan taga, na karɓa da hannu biyu.

Aikin ya ba ni wuya. Rassan sun kai kaurin dantsena, zarto yana maƙalewa, ƙura da busasshen ganye suna zubo mini a ido. Tsanin yana rawa, ni ma ina rawa. Ina yi ina tsine wa taurin kan mutane a zuciyata. Na jefa reshe nan, na jefa reshe can, yadda aka umarce ni. Da na sauke na ƙarshe, sai ga rana ta faɗo ta giɓin har kan cinyar Inna. Ta can kuwa ga yara uku a tsakar gida, sun bar wasa sun zuba wa giɓin ido, babu wanka babu mai, ƙaramar ko takalmi babu.

Na sauko ina haki, na ce, "To Inna, ga su nan. Kina ganinsu?"

Ta ɗago fuska wajen hasken tana murmushi, amma ba inda yaran suke take kallo ba. Sai a lokacin na lura da farin da ya rufe ƙwayar idonta.

Ta ce, "Ina fa, Wanzami. Idon ya tafi tun bara, haske kawai nake rarrabewa."

Na ajiye zarton a ƙasa. Na ce, "To Inna, me ya sa..."

"Su nake so su gan ni," in ji ta. "Ƙaramar nan bayan shingen ya rufe aka haife ta. Ita a wajenta ni wata tsohuwa ce da ake kai ta ta durƙusa wa. Ina so in ta faɗi ta fasa gwiwa, ta san akwai inda za ta juya ta yi kuka."

Babban yaron ne ya fara matsowa, ya ɗaga ƙanwarsa ya ɗora ta a kafaɗa. Ta riƙe guntun reshen da na yanke, ta leƙo.

"Kaka! Me kike yi a nan?"

"Nan nake kullum, 'yar nema," in ji Inna, ta gyara ɗaurin kallabinta. "Tsaya inda kike, gaya mini me kika sa yau."

Yarinyar ta shiga ba ta labarin rigarta. Ni kuwa na naɗe tsanina na saɓa a kafaɗa, na tsallake rassan da ke zube a ƙasa, ban ɗauki ko ɗaya ba.