Gyangyaɗin Dogo

Ranar da mai kamfani ya miƙa wa Auta makullin sabuwar bas, Dogo yana tsaye a bakin gareji da tsumma a hannu. Auta ƙanin matarsa ne, a gidansa ya girma, shi ne ma ya koya masa tuƙi. Ga shi an ba yaron doguwar hanya, shi an bar shi da tsohuwar mota mai tari.

Ya bi mai kamfani har ofis. "Ranka ya daɗe, me na yi?"

"Fasinjoji sun ce kana gyangyaɗi in an tsaya a danja. Ba sau ɗaya ba."

Dogo ya koma gida zuciyarsa na tafasa. "Ƙaninki ne ya kai sukata," ya ce wa matarsa. "Ni da na riƙe sitiyari tun yana rarrafe!"

"Maigida, ko jiya ina maka magana barci ya ɗauke ka da kofi a hannu."

"Ido nake hutarwa."

'Yarsu ta fari, wadda ke aikin jinya, ta ce akwai gwajin da mutum zai yi da kansa. Da rana ya kwanta a ɗaki shiru, ya riƙe cokali a saman farantin ƙarfe. In barci ya sace shi cokalin zai faɗi, sai a ga ko ya jima ko bai jima ba.

"Zan yi," in ji Dogo, "amma sai an kira Auta mun yi tare. A ga wa ke barci."

Ranar hutu Auta ya zo, ya gaida yayarsa, ya ƙi haɗa ido da Dogo. Aka sauke labule, kowa ya kwanta a doguwar kujera da cokalinsa. Dogo yana kallon sabon takalmin Auta a bakin ƙofa, yana ƙwafa a ransa. Abin da ya iya tunawa ke nan.

Da ya farka, rana ta juya. Cokali biyu ya gani a ƙasa, Auta kuma ya tafi.

"Kin gani ko?" ya ce da murna. "Shi ma ya yar da nasa!"

Matar ta ce, "Naka ya faɗi kafin in kai kicin, ƙarar ma ba ta tashe ka ba. Shi idonsa biyu, yana jin minsharinka. Da zai tashi ne ya ajiye nasa a ƙasa, ya ce kada in faɗa maka."

Wannan ya fi ɗaukar bas ɗin yi wa Dogo ciwo. Yaron da ya goya ne yau yake jin tausayinsa.

Sati na zagayowa ya tuƙa tsohuwar motar zuwa asibiti, bai gaya wa kowa ba. Likita ta ce da alama numfashinsa na tsayawa in yana barci, shi ya sa barcin ba ya ƙosar da shi. Akwai magani, amma ya ajiye tuƙi sai an gama bincike.

Yana zaune a benci wayarsa ta yi ƙara. Auta ne, ya ga babu motar a gareji. Dogo ya bari ta kusa katsewa.

"Yaya, lafiya? Kana ina?"

"Lafiyata ƙalau." Ya share gumi. "Ina asibiti. Zo ka mayar musu da motarsu."