Minti Uku Bai Ishi Baba Ba

Daƙiƙa ashirin sun tafi a agogon da ke kusurwar allon kwamfutata, matar da ke kan layi kuwa ba ta gama gaisuwa ba.

"Ya aiki, 'yar nan? Ya mutanen gida? Wallahi tun shekaranjiya nake ta..."

"Lafiya lau, Mama. Layinki ba ya kira, eh ko a'a?"

"Eh to, wato abin da ya faru..."

"Kin kashe wayar kin kunna, eh ko a'a?"

"A'a."

"Ki kashe ki kunna. Mun gode da kira."

Minti ɗaya da daƙiƙa tara. Na gyara abin sauraron da ke kunnena, na karɓi na gaba.

Mu tamanin ne a ɗakin amsa kira na kamfanin waya, kowa a ɗan akurkinsa, fuska ga allo, baya ga ɗan'uwa. Doka ɗaya ce: kada kira ya wuce minti uku. Idan ya wuce, agogon ya koma ja, Oga ya gani daga ofishinsa mai bangon gilashi. A jikin bango akwai babban allo da ke jera mu bisa sauri, kuma wata goma sha huɗu a jere ni ce a sama. Walƙiya suke kira na. Sirrin ba wani abu ba ne, ni na gano shi da kaina: kada ka taɓa yi wa mutum tambayar da za ta ba shi damar ba da labari. Ka yanka masa hanya biyu, eh ko a'a. Har Oga ya sa na koya wa sababbin ma'aikata.

Ba na jin kunyar cewa ina alfahari da wannan. Na yi karatu a lokacin da dangi ke cewa asarar takarda ce. Na riƙe gida a lokacin da suka ce mace ita kaɗai ba za ta iya ba. Ban taɓa makara ba, ban taɓa kuka a gaban kowa ba.

*

Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ya faɗi ne a shagonsa na aski, almakashi a hannu, yana tsakiyar ba wani labari. Waɗanda suka san shi sun ce da ƙafa kawai ciwon ya ɗauka ya bar bakin, da Baba bai ma san ya yi rashi ba. Mutane kan zo shagonsa da kai a aske, su zauna don hira kawai. Ciwon ya ɗauki ƙafar, ya ɗauki hannun, ya kuma ɗaure harshen.

Mahaifiyarmu ta rasu tun ina 'yar firamare. Yayana, wanda Baba ke kira Dogo, yana aiki a wani gari mai nisa, yana kira ranar hutu idan ya tuna. Saura ni, sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ke leƙa shi da rana.

Na tsara safiyarmu kamar yadda na tsara aikina. Na ɗaga shi, na goge masa jiki, na canza masa riga, na zaunar da shi a kujerar da ke fuskantar talabijin.

"Baba, ka yi barci, eh ko a'a?"

Ya gyaɗa kai.

"Akwai ciwo?"

Ya girgiza kai.

"Shayi?"

Ya gyaɗa.

Wani lokaci leɓensa ya fara rawa, maƙogwaronsa ya motsa, ya ɗaga hannun hagu kamar mai tsayar da mota. Sai in ce, "Ruwa? Bayi? Bargo?" har sai ya gyaɗa wa ɗaya. Minti ashirin da biyar, komai ya kammala, ina tashar mota kafin cunkoso. Ko tabo babu a zanin gadonsa, maganinsa bai taɓa tsallake sa'a ba.

Maƙwabciya ta taɓa ce min, "Ke 'yar nan, ko kaza in ana ba ta tsaba ana tsayawa a ga ta ci."

Na ce, "Inna, kaza ba ta da Oga."

*

Likitar da ke koya wa masu irin ciwonsa magana ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta hanzarin komai. Buɗe fayil ma sai da ta ɗauki lokacin da zan sallami mutum biyu.

"A wata na biyu na rubuta yana faɗin kalma goma sha ɗaya," in ji ta. "Yanzu nawa yake faɗa a gida?"

Na buɗe baki, na rasa lamba. Ni da ban taɓa rasa lamba ba.

Ta ɗauki cokali daga tebur ta nuna masa. "Baba, mene ne wannan?"

Leɓensa ya fara rawa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Daƙiƙa biyar, shida, bakwai. Wani abu a ƙirjina ya koma ja.

"Cokali ne, ko Baba? Ya sani, likita. Ya san komai."

Baba ya gyaɗa kai, ya saukar da ido.

Likitar ta ajiye cokalin a hankali. Ta ce in biyo ta waje.

"Haka kike yi masa kullum?"

"Ina sauƙaƙa masa ne. Ba kya ganin yadda yake wahala?"

"Wahalar ita ce maganin. Kalmar tana hanya, ke kuma kina rufe ƙofa kafin ta iso. Ya gane babu amfanin fitowa da ita, ya daina nema." Ta cire tabarau. "Ba zan ɓoye miki ba. Watannin nan na farko su ne ake samun abin da za a samu. In aka ci gaba a haka, wata rana ko kin jira babu abin da zai zo."

Raina ya ɓaci. "Ni kaɗai nake ɗaga shi, ni kaɗai nake kwantar da shi. Yanzu kuma ni ce mai laifi?"

"Ban ce ba kya kula da shi ba. Cewa na yi ba kya jiran sa. Awa ɗaya kowace safiya, lokacin da yake da ƙarfi. Ki tambaye shi abu, ki rufe bakinki."

A motar haya muna komawa, kansa yana jingine da kafaɗata, na yi ta shirya amsoshin da ya kamata in ba ta. Babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

*

Na ajiye wa Oga takardar neman komawa aikin rana. "Aikin rana?" Ya kalle ni kamar na ce zan koma sayar da gawayi. "Walƙiya, kin san da safe ake gina suna. Da rana tsofaffi ne ke kira, masu son a ji tarihin jikokinsu. Kuma kin san kujerar shugabar sashe ke take jira wata mai zuwa."

"Na sani, Oga."

"Ki nemo mai jinya mana. Ai abin da mutane ke yi ke nan."

"Ba jinya yake buƙata ba."

"To me yake buƙata?"

Na rasa yadda zan faɗa a cikin ofishin nan ba tare da ya zama abin dariya ba. Na ce, "Sa hannunka kawai nake so."

Ya sa. Kujerar kuma aka ba wadda ni na koya wa aiki. Na taya ta murna da bakina, kaina a sama, na shiga bayi na wanke fuska sau biyu.

*

Ban san awa ɗaya tana da tsawo haka ba. Na kashe talabijin, na kifa wayata, na jawo kujera gabansa.

"Baba, me kake so yau?"

Ya kalle ni yana jiran in jero masa. Na ciji harshena. Ya jira, na jira. Ƙarshe ya juya fuska bango.

Kwana tara haka. Ƙafata tana kaɗawa da kanta, yatsuna suna neman madannai a kan cinyata. A cikin shirun nan na fara jin abubuwan da ban san gidanmu na da su ba: famfon kicin yana ɗiga, ƙofar maƙwabta tana kuka sau biyu kafin ta rufu, numfashin Baba yana da ɗan fito a ƙarshe. Na ga rana tana shigowa ta taga ta hau ƙafarsa mai lafiya, yana motsa yatsu a cikinta. Na ga ƙeyarsa ta cika da gashi, gemunsa ya hargitse. Shekara arba'in yana gyara kawunan mutane, ni kuma wata biyar ina goge wannan fuska ban gani ba.

Babu wanda zan gaya wa. Ƙawayena na aikin safe ne, kafin in iso sun tashi. A allo na sauko ta huɗu, na sauko ta goma sha ɗaya. Wani ya ce a bayana, "Walƙiya ta zama hawainiya." Na juya na ce, "Hawainiyar ma kai ba ka kamo ta ba." Aka yi dariya, amma abincin ranata ni kaɗai na ci, a kan matakala.

Rana ta goma, leɓen ya fara rawa. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina. Ya yi gumi. Ya rufe ido, ya buɗe, ya ɗaga hannun hagu ya shafa gemunsa. Na gane abin da yake nufi sarai, kalmar tana kan harshena kamar garwashi. Ban ba shi ba. Ya harare ni, harara irin ta da, wadda ke sa mu shiga taitayinmu muna yara.

"As... ki."

Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na tashi da sauri na shiga ɗaki, wai neman jakar kayan aikinsa, alhali na san inda take.

Ban taɓa riƙe almakashin aski ba. Na ɗaura masa tawul, na fara daga gefe.

"A'a," in ji Baba.

Na koma ɗaya gefen.

"A'a!"

"To Baba, ta ina? Ni ba boka ba ce."

Ya daɗe yana kokawa. "Ƙe... ya."

Mun yi awa ɗaya da rabi. Na yi masa askin da ko maƙiyi ba a yi wa. Da na riƙe masa madubi, ya duba dama, ya duba hagu, kafaɗarsa ta fara girgiza. Na tsorata, sai na ga dariya yake yi da rabin baki.

"Uwata," ya ce, sunan da yake kira na tun ina goye. Ya huta. "Ɓar... na."

Ranar na makara aiki karo na farko a rayuwata. Na sa hannu a takardar gargaɗi ba tare da na karanta ba.

*

Kalmomin suna zuwa ɗaya-ɗaya, wasu su zo yau gobe su ɓace. Likita ta ce ba zai koma kamar da ba, amma ƙofar ba ta rufe ba. A mako na shida ya nuna wayata ya ce, "Dogo."

Kwana huɗu muna shiri. Jimla ɗaya ce yake so ya faɗa, bai yarda in taya shi ko da harafi ba. Na aika wa Yaya saƙo: ranar hutu da hantsi Baba zai yi maka magana da bakinsa, don Allah ka ba shi lokaci. Ya amsa da hoton babban yatsa.

Da ranar ta zo, Baba ya sa na canza masa riga sau biyu. Na buga, na buɗe murya, na riƙe wayar kusa da bakinsa. Hayaniyar titi ta cika ɗakin.

"Auta, ya ake ciki? Yana kusa? Baba! Baba, ya jiki? An ce ka fara magana, kai madalla, madalla! To faɗa min, ina ji."

Baba ya ja numfashi. Leɓen ya fara rawa.

"Baba? Auta, layin ne ko me? Ba na jin komai."

"Yana zuwa, Yaya. Ka jira."

"To, to." Aka yi hon a can. Ya yi wa wani magana a gefe. "Baba, kar ka wahalar da kanka, ka ji? Na san kana gaishe ni, ina amsawa. Ka sha magani, ka bi abin da Auta ta ce. Auta, wallahi ana jira na, zan kira anjima. Allah ya ƙara sauƙi."

Hayaniyar ta ɗauke. Allon wayar ya yi haske, ya dushe, ya mutu.

Baba bai lura ba. Idonsa a rufe yake, gumi ya tsattsafo a goshinsa, duk ƙarfinsa yana wuri ɗaya. Ban sauke hannuna ba.

"Dogo... na," ya ce. Ya huta. "Ka... ci... abinci?"

Ya buɗe ido, ya karkata kunnensa mai kyau wajen wayar, yana murmushi da rabin baki, yana jiran amsa.