An Hana Kiran Suna a Bakin Ruwa

Shekara ashirin da shida matata ta yi tana karɓar haihuwa a ɗaki guda, kuma duk tsawon lokacin kalanda guda ce a jikin bangon ɗakin. Wani kamfanin magani ne ya raba ta. Shekarar ta wuce, kamfanin ma ya rushe, amma ba wanda ya cire kalandar, saboda hoton da ke jikinta: shuɗin tabki, fararen kujeru jere a bakinsa, da kwalekwale ɗaure a jikin gadar katako. Idan naƙuda ta yi tsanani, hoton take nuna wa mace ta ce, "Kalli ruwan nan, ja numfashi." Ranar da ta yi ritaya, ba ta ɗauko komai daga asibitin ba sai kalandar.

Kowa Sista yake ce mata, har da ni. Ita kuma Rajistara take ce mini, ko da yake ni mataimakin mataimakinsa ne a jami'a, mai kula da fayil ɗin ɗalibai. Ina da wata jakar fata da nake ɗaurawa a ƙugu in za mu fita. A ciki akwai katunan shaidarmu, makullai, maganin hawan jininta, har da tabaraunta. Duk abin da aka miƙo wa Sista a gabana, hannuna ne ke karɓa. Ba mugunta ba ce. Na dai ga abin da ɗan Adam ke yi wa takarda in an bar shi da ita.

Autarmu ce ta gano otal ɗin a waya, ta kama mana ɗaki na kwana uku. Na faɗa musu tun a gida cewa wurin hutu ba komai ba ne illa hoto da aka gina wa banɗaki. Ba wadda ta saurare ni.

Awa bakwai muka yi a mota. A ƙofar otal ɗin muka yi kiciɓis da wani mutum yana jan akwati, yana rantsuwa sai ya tona musu asiri a intanet. Matar da ke karɓar baƙi ta yi masa fatan sauka lafiya, ta juyo gare mu da sauran murmushin.

"Ɗaki mai kallon ruwa 'yarku ta kama muku," in ji ta. Ta miƙa wa Sista makulli, na karɓa.

Da na yaye labulen ɗakin, sai na ga komai na nan yadda yake a kalanda. Ga fararen kujeru a jere, ga gadar katako, ga kwalekwale ɗaure da sabuwar igiya. Abu ɗaya ne kawai babu. Gadar na tsaye a kan dogayen ƙafafunta kamar wadda aka tuɓe wa wando, kwalekwalen kuma na zaune a ƙasa. Daga nan har iya ganin ido busasshen taɓo ne, duk ya yi faso. Can nesa ana hango wasu guntayen bangaye.

Na sauko ƙasa.

"Baiwar Allah, tabkin fa?"

"Yana nan, Yallaɓai."

"Ina?"

"Inda yake. Ya ɗan ja baya ne."

"Tun yaushe?"

"Shekara tara ke nan."

"Amma hoton da kuka sa a waya..."

"A nan aka ɗauke shi," in ji ta. "Ana buɗe bakin ruwa ƙarfe goma, a rufe ƙarfe huɗu. Tawul kyauta ne."

A hanyar komawa ɗaki na karanta wata takarda da aka sa a firam, don ni ba na wuce abin da aka sa a firam. Ta ce tabkin ba na asali ba ne. An datse kogi ne, aka tashi wani gari, ruwa ya rufe shi. Bangayen da na hango ragowar garin ne.

Na tarar da Sista zaune a bakin taga, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Ya fi na hoton girma," ta ce.

Na ji daɗi ƙwarai. Shekara talatin da ɗaya ina ƙoƙarin koya mata gatse, na ɗauka yau ta iya.

Washegari bayan abincin rana ta ce mu sauka. A bakin gadar akwai wani dattijo da jar riga da ta koɗe, usur a wuyansa, zaune a kan doguwar kujerar masu ceton waɗanda ruwa ya ci. A gefensa an jera tawul a ninke, ga kuma allo mai ƙusoshi, kowace ƙusa da awarwaron roba mai lamba. A saman allon an rubuta dokoki. An hana wanki. An hana tsalle daga kan gada. An hana kiran suna a bakin ruwa.

Ya ciro awarwaro biyu, sha huɗu da sha biyar.

"Kowa ya sa nasa a hannu," ya ce. "Ƙarfe huɗu nake busa usur in kira lamba. Wanda ya ji tasa ya fito."

Ya juya zai ɗauko mana tawul. Ni kuwa na yi abin da na saba. Na karɓi nata, na haɗa da nawa, na zuge jaka.

"Baba, mutum nawa ka ceto bana?" na tambaye shi.

"Biyu."

"Daga me? Ƙishirwa?"

Bai yi dariya ba. Na lura masu sana'ar da ta mutu ba su cika son raha ba.

Na zauna a farar kujera na buɗe jarida. Sista ta cire takalmi, ta tattare bakin rigarta, ta bi matakalar gadar a hankali. Da ƙafarta ta taɓa ƙurar ƙasa sai ta ja numfashi ta haƙora.

"Wash! Rajistara, da sanyi fa."

"Kada ki yi nisa," na ce, "kin san ba ki iya iyo ba." Har tafi na yi mata.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a kan jaridar ba. Da na ɗago, ta yi nisa har ta koma kamar 'yartsana. Tafiya take a hankali, tana tura ƙirji gaba, ta ɗaga hannuwanta gefe da gefe. Babu iska ko kaɗan, ganye ɗaya bai motsa ba. Amma mayafinta ya tashi daga bayanta ya shimfiɗe a sarari, daidai kafaɗunta, yana lilo a hankali.

Dattijon ya sauke madubin hangen nesa daga idonsa.

"Yallaɓai, ban ga awarwaro a hannun Hajiya ba."

Na ɗan bugi jakata. "Yana nan a adane. Ba ya ɓata a wurina."

Ban taɓa ganin tsoho ya sauko daga kujera da irin wannan sauri ba.

"Wa ya ce ka riƙe mata? Wa ya sa ka?"

"Ai roba ce, Baba."

"Wanda ba lamba a jikinsa ba ya jin usur. Haka za ta yi ta tafiya har ta shiga garin. Wanda ya shiga ƙofa kuwa ban taɓa ganin ya fito ba."

"To bari in ƙwala mata kira."

Ya cafke wuyan hannuna. Tafinsa jiƙe yake, da sanyi kamar an ciro shi daga randa.

"Kada ka kuskura. Da aka tashi garin can, masu rai kawai aka kwashe. In ka kira suna, duk mai sunan amsawa take yi. Shi ya sa muke aiki da lamba. Su ba su da lamba."

"Sai ka je ka ɗauko ta. Ba aikinka ba ne?"

"In na tafi, wa zai busa?" Ya duba agogonsa. "Saura minti ashirin da biyar. Sau ɗaya nake kira. Sa naka, ka kai mata nata."

Ina da digiri biyu, kuma ina so a san cewa na tuna da su duka biyun a kan matakalar nan. Na sa sha biyar a hannu, na damƙe sha huɗu a tafina, na taka ƙasa.

Sanyi ya kama idon sawuna. Na duba ƙasa. Ƙura ce a kan takalmina, ga wata tururuwa tana wucewa da kayanta. Na ƙara taku goma, sanyin ya kai gwiwa. Wandona a bushe yake, amma ya manne mini a ƙafa, kuma kowane taku sai na ja shi da ƙarfi. Da ya kai ƙugu sai na kwance jakar na ɗaga ta sama da kaina. Haka na yi ta tafiya, babban ma'aikacin jami'a, a tsakiyar fili fetal, rana na dukana, ina kare takardu daga ruwan da babu.

Daga baya sai ƙarar duniya ta fara raguwa. Na daina jin janareton otal, na daina jin tsuntsaye. Sanyin ya hau ƙirjina ya matse. Bangayen suka matso. Yanzu ina ganin su sarai: tubali baƙi, da wata ƙofa a tsaye ita kaɗai, ba gida a bayanta. Sista na fuskantar ƙofar, bai fi taku goma tsakaninsu ba. Ta ɗaga haɓarta sama, tana tafiya a kan yatsun ƙafa.

"Sista!"

Ko gezau. Ashe shekara talatin da ɗaya ba da suna nake kiranta ba.

Na ƙara sauri, sai ƙafata ta zurma cikin wani rami. Abin ya rufe kaina. Ina ganin rana tarwai, ina ganin fason ƙasa, amma na buɗe baki babu iska, sai wani abu mai ɗanɗanon taɓo da ya cika mini maƙogwaro. Jakar ta suɓuce. Na ga tana sauka a hankali, tana juyawa, har ta kwanta a ƙasa ba tare da ta tayar da ƙura ba. Na yunƙura na taso. Sista ta ɗora hannu a jikin ƙofar.

Sai na kira sunanta. Sunan yanka, wanda rabona da shi tun kafin a haifi babban ɗanmu.

Ta juyo. "Na'am?"

"Na'am," in ji wata murya daga bayan bangon, ta tsohuwa, a shaƙe.

"Na'am," in ji wata kuma, siririya, ta yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba.

Ban duba ba. A aikina na koyi cewa akwai fayil ɗin da in ka buɗe ya zama naka. Na kamo hannun Sista, na zura mata awarwaron. Nan take usur ya tsaga shirun, daga nesa ƙwarai.

"Sha huɗu! Sha biyar!"

Ta yi firgigit kamar wadda aka tasa daga barci. Muka juya, ina riƙe da ita, sanyin na sauka daga ƙirji zuwa ƙugu zuwa gwiwa. Ban tsaya neman jakar ba. Duk tsawon hanyar ina jin motsin ruwa a bayanmu, kuma ba daidai da takunmu yake ba.

A kan gada kayanmu a bushe suke ƙayau, amma haƙorana sai haɗuwa suke. Dattijon ya karɓi awarwaron ya maƙala kowanne a ƙusarsa. Ya miƙa mana tawul ɗinmu. Sannan ya dubi bayan kafaɗata, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauko wasu tawul biyu, babba da ƙarami, ya ajiye a kan kujerun da ke kusa da namu.

"Ka kira," ya ce.

"Sau ɗaya ne."

"Ai sau ɗaya ake yi."

"Me suke so?"

"Ba sa son komai. Kai ka kira su. Jira suke ka faɗi abin da ka kira su a kai."

Na ce wa Sista mu tafi a yau, sai na tuna makullin mota na cikin jakar. Ta buɗe 'yar jakarta ta hannu, ta zaro wani daga cikin kwalin allura.

"Shekara goma ina da shi," ta ce. "Ka ɗauka ni yarinya ce?"

Mai karɓar baƙi ta ba mu fom mu cike kafin mu fita. Tambaya ta uku ita ce yaya muka samu ruwan. Na rubuta cewa da sanyi.

Muka kama hanyar gida. Can sai Sista ta ce, tana kallon titi, "Ashe ka san sunana."

"Yana cikin takardu," na ce.

Ta yi dariya irin wadda rabon da in ji tun muna haya a ɗaki ɗaya. Ni ban yi ba, don na riga na duba madubi. A kujerar baya akwai tabon jiƙa guda biyu, babba da ƙarami, gefe da gefe.

Da Auta ta tambayi yadda wurin yake, na ce mata bai kai hoton ba. Gaskiya na faɗa.

Yanzu Sista ce ke riƙe takardunta, kuma har yau ba ta ɓatar da ko ɗaya ba, abin da ban ji daɗinsa ba. Kalandar na rataye a falo. A ƙarƙashinta akwai doguwar kujerar da muka sauya wa yadi sau biyu saboda tabon jiƙa biyu da ba sa bushewa, mai gyaran rufi kuma ya zo sau uku ya rantse babu inda ke yoyo. Wani lokaci da la'asar, in muna shan shayi, sai ta ajiye kofi ta dube ni ta gefen ido, kamar ba kakar jikoki huɗu ba.

"Rajistara, sake faɗin sunan nan nawa mana. Sau ɗaya kawai."

Sai in dubi kujerar. Ƙaramin tabon ya fi matsowa kusa da inda nake zama.

"Sista," nakan ce, "shayinki zai huce."