Ƙwayar Lin a Furar Kawu Aƙilu

Ina shanya wanki na lura butar Kawu Aƙilu a jiƙe take, alhali rabon da a yi alwala tun asuba. Kafin hantsi ya gama ɗagawa, sau huɗu na ga ya ɗauke ta ya zagaya bayan gida.

Na san wannan tafiyar. Haka mahaifiyata, ƙanwarsa, take yi a shekararta ta ƙarshe: sauri-sauri, hannu ɗaya a mara, ta dawo tana bin bango. Ina 'yar shekara tara a lokacin, kuma har yau in na ji an ajiye buta a kan siminti sai gabana ya faɗi. An ce atini ne, an ce basir ne, an ce sammu ne. Sai da ciwon ya kama Kawu sannan wani likita a Tawa ya faɗi abin da ake ciki: kumburin hanji ne mai gyambo, ba ya warkewa, amma ƙwaya tana kwantar da shi. Shekara uku yana sha safe da yamma, har ya koma garkar albasarsa.

Ni na ɓata lamarin. Da na dawo Tamaske daga jami'a a Yamai, na zo da ragowar ƙwayar wani tsiro da ake kira lin, wadda na yi bincike a kanta. Kamar riɗi take, sai dai ja ce mai sheƙi. Kawu ya gan ta a leda, ya tambaye ni ta mene ce. Kaina a ƙasa na ce ana duba ko sinadarin cikinta yana rage kumburin hanji. Ban ce a jikin ɓeraye ba. Ta yaya zan haɗa ciwon mutumin da ya raine ni da na ɓera?

"Ashe maganin kawunki kinka tahi nema!" in ji shi, ya rungume ledar. Tun ranar Dokotoro yake kirana, wato likita.

Da na gama shanyar, na sami matarsa, Inna Mairamu, a gindin turmi tana daka masa ƙwayar lin ɗin da take zuba masa a fura.

"Inna, Kawu na shan ƙwayoyin likita?"

"Ke da karatunki kike tambaya? Ba a gama magani biyu, ɗiyata. Guda shina karya guda. Sai ya cika kwana arba'in da naki."

"Yau kwana nawa?"

"Ashirin da ukku."

Ta buɗe wata tsohuwar langa, ta nuna mini kwalin maganin a naɗe cikin ɗankwali. Na karɓa, ba ta hana ni ba. Ba ta kuma dube ni ba.

Na shiga ɗaki na zauna. Ɓerayen da muka ba man ƙwayar sun ɗan sami sauƙi. Waɗanda muka ba garinta gaba ɗaya, kamar wanda ke cikin turmin nan, da yawansu ciwon ya ƙaru. Ni na buɗe cikinsu da hannuna. Hanjin ya ƙanƙance, ya yi ja zur. A lokacin ina aunawa ne ina rubutawa. Yanzu in na rufe ido ina ganinsu jere a kan farin faranti, kuma fuskar mahaifiyata na shiga tsakani.

Bayan la'asar na iske shi a zaure da abokinsa Maiguwa, ƙwaryar fura a gabansu. Kumatunsa sun faɗa, amma muryarsa na nan.

"Ga ta nan, Dokotoro! Maiguwa na biɗar hannu guda na maganin naki, wai tsohuwar tashi ma cikinta na kuka."

"Kai ka hi ni," in ji Maiguwa. "Ni ɗiyana sun tahi Abijan, ko goro ba su aiko ba."

Na durƙusa.

"Kawu, ƙwayar nan ba magani ba ce. Ba a gwada ta ga mutum ba a wurinmu. Ɓeraye munka ba."

Maiguwa ya tuntsire da dariya. "Aƙilu! Kwana ashirin kana cin abincin ɓera? Shi ya sa na ga gashin bakinka na motsi!"

Kawu bai yi dariya ba. "Ke kinka ce tana rage kumburi."

"Na ce ana dubawa. Wasu sun ji sauƙi, wasu sun mutu. Kunya ta hana ni ƙarasa maganar."

"Sauran kwana goma sha bakwai. In na cika..."

"Jini ya dawo, ko Kawu?"

Dariyar Maiguwa ta tsaya. Ba tambayar da yarinya ke yi wa babba ba ce, balle a gaban baƙo. Na ji kunnuwana sun yi zafi, amma ban sunkuyar da kai ba. Na ajiye kwalin a kan tabarma, kusa da gwiwarsa.

"Ƙanwarka ba ta samu wannan ba," na ce. "Kai ka samu."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba. Ban sani ba ko ni yake gani ko ƙanwarsa. Ludayin da ke hannunsa ya mayar cikin ƙwarya a hankali. Ya ɗauki kwalin, ya ɓalle ƙwaya ɗaya, ya haɗiye ta ba ruwa. Sauran ya sa a aljihu.

Maiguwa ya buɗe baki zai yi magana. Kawu ya dafa bango ya miƙe, ya zura takalmansa, ya fita.