Ƙarar da Ta Fito Daga Wayar Matarsa

Shekara ashirin mai walda yana haɗa ƙofofi, amma bidiyonsa guda ɗaya mutum tara suka kalla, huɗu a ciki shi ne da kansa. Ƙanin matarsa kuwa, wanda a hannunsa ya koyi sana'ar, ya ɗora nasa yana walda ba tabarau, mutum dubu arba'in suka kalla.

Rannan mai walda ya ari wayar matarsa, don tasa sai ta yi nishi kafin ta buɗe bidiyo. Ya nemo bidiyon ƙanin nata, ya danna wurin kai ƙara, ya zaɓi "abu mai haɗari". Ya ce wa kansa idanun jama'a yake karewa.

Bayan kwana biyu, suna cin abincin rana, saƙon masu tace bidiyo ya shigo. Matar ta karanta a fili: sun gode mata da ƙarar, sun sauke bidiyon.

"Maigida, yaushe na kai ƙarar ƙanina?"

"Ai don lafiyar idonsa ne," in ji shi, yana kallon kwano.

"Madalla. Kai ma naka ba tabarau, ko?"

Ta nemo bidiyonsa, ta kalla har ƙarshe, sannan ta danna ƙara. Ko ba komai, ya samu mai kallo na goma.