Huhun Baballe

Malam Baballe ya tsufa yana narka dalma a Kano, bai taɓa rufe hanci ba. Ya zo Doha wurin 'yarsa Aminat, mai binciken gubar da ke tashi kamar tururi daga narkakken ƙarfen sanyaya injin nukiliya.

"Baba, tarin nan da kake yi na dalma ne. Gobe sai asibiti."

"Ni? Abokan sana'ata duk ni na binne su. Hayaƙi tsorona yake ji."

"To hau benen nan ba hutawa, sai in ƙyale ka."

Bai kai rabi ba ya zauna, wai ginin yake dubawa. Da safe ya riga ta shiga mota, ya ce gara likitocin Doha su ga irin huhun mutanen da.