Gorubar Inna Gudiya

"Karɓi mana, Yasir!" Kalilu ya daka wa ɗansa tsawa.

Yaron ya ƙara maƙalewa a bayan ƙofa. Inna Gudiya tana zaune a tabarma, hannunta a miƙe da goruba, murmushinta ya fara gajiya. Yau ta iso Aliero daga ƙauyensu na Maiyama. Sai da Kalilu ya yi shekara yana lallashin uwar tasa kafin ta yarda ta bar zaman kaɗaici ta dawo gidansa. Har ɗaki ya gina mata da ribar albasar bara.

"Angona, gudun matarka kake yi?" in ji Inna cikin wasan kaka da jika. "To ko ka zo, ko in sa ka a buhu in tafi da kai."

Wayyo, da ta sani! Yaro ya ƙwalla ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Mayya ce! Baba, guba ta sa a ciki!"

Kalilu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Wannan kalma ba ta wasa ba ce. In ta bazu a unguwa, gobe babu yaron da za a bari ya gaida Inna. Ya ciro takalmi, matarsa Salma ta riƙe shi.

"Fim ɗin nan ne da ka sa masa a waya," ta raɗa masa. "Duk tsohuwar da ta ba yaro abu a ciki, kashe shi take yi."

Takaici ya kama Kalilu. Shi da kansa ya je Jega ya sa aka cika masa waya da finafinan zane, wai yaro ya koyi Turanci. Turancin bai wuce kalma uku ba, ga abin da aka koyo.

"Aje takalmin," in ji Inna. "Kawo in ga mi ya gani."

"Inna, shirme ne."

"Na ce kawo."

Ya kunna mata. Ta ƙura ido, ba ta jin ko kalma ɗaya. Ga tsohuwa a bukka cikin daji, ƙusumbi, haƙora biyu, fuska duk tamoji, tana miƙa wa yarinya ɗan itace. Inna ta shafa tsagen kumatunta. A ƙarshe tsohuwar ta faɗa rami, aka sa kiɗa. Daga bayan ƙofa Yasir ya manta da tsoro ya tafa.

"Ita wannan ba ta da ɗiya?" Inna ta tambaya.

"Zane ne kawai, Inna. Wallahi yau zan goge su."

"Ka goge na waya. Na kansa fa?"

Inna ta miƙe ta nufi kayanta, Kalilu ya bi ta. Ya roƙe ta, Salma ta durƙusa ta roƙe ta, ita kuwa tana ɗaure ƙunshin kayanta a nitse.

"Ba fushi na yi ba, Kalilu. Ba ni iya kwana gidan da jikana ke tsoron barci saboda ni. Nemo mini mai babur."

A bakin zaure ta tsaya, ta damƙa masa gorubar a hannu.

"Mai zaƙi ce, ni na zaɓa. In na tafi ka ba shi. Ka ce kai ka sayo."